Kwalabe Shida na Afrakoma

Shekara goma sha ɗaya Afrakoma Twumasi ta yi tana kiwon abin da ido ba ya gani. A wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Tarkwa take aiki. Ƙwayoyin halittar da take reno ta ɗebo su ne daga wani tsohon ramin zinariya, cikin ruwa mai tsamin da ke cin ƙarfe. Tuni aka cike ramin. Iyakar saninta, abin da ya rage na irin su yana cikin kwalabe shida a kan teburinta, kuma dominsu aka ɗauke ta aiki.

Abincinsu wani asid ne mai sauƙi, irin wanda ke jikin tururuwa. Ɗigo kaɗan da safe, ɗigo kaɗan da yamma. Idan ya yi daidai, ruwan kwalbar ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Idan ya yi yawa, ya ratsa jikinsu ya kashe su.

A watan Mayu aka sa ranar binne kawunta a Wenchi. Ba a tura uzuri a jana'izar ɗan'uwan uwa. Ta bar wa Wofa Kwarteng amana, dattijon da ke kula da ɗakin ajiya, ta rubuta masa komai a takarda.

"Je ki abinki, Anti," in ji shi. "'Ya'ya tara na raina, waɗannan marasa baki ne za su gagare ni?"

Ranar Litinin ta dawo, baƙin zanen makoki na jikinta. Kwalbar asid ta yi ƙasa sosai.

"Wofa, me ka ba su?"

"Abincinsu mana. Ni ma rasuwa aka yi mini, surukata ce, ran Juma'a na tafi. Sai na haɗa musu na kwana uku, na ɗan ƙara. Haba Anti, wa zai yi tafiya ya bar na gida da yunwa?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ja kujera ta leƙa madubin ƙara girma. Suna nan birjik, amma babu mai motsi.

Ta ɗiba daga kowace kwalba ta zuba a sabon ruwa. Ta jira mako ɗaya, ta jira uku. Ruwan na nan garau. Ta hau mota zuwa inda ramin yake a da, ta tarar da gonar rogo. Ta ɗebo ruwan kududdufai goma sha biyu a kewayen, babu wanda ya ba ta irin nata.

Wofa Kwarteng ya riƙa ajiye mata dokunu, tuwon masara mai tsami, da kifi a bakin ƙofa, ba ya shiga.

A watan Agusta shugaban ɗakin ya ce ana bukatar teburin. Ta roƙi ƙarin mako biyu, ya ba ta ɗaya. Da ya cika, ita da kanta ta wanke kwalaben, ta miƙa makulli.