Mai Lulluɓe Kwamfuta da Mayafi

A shagon kwamfuta na Sama'ila da ke Unguwar Sarki, Malam Lawan yana zaune ana cike masa fom ɗin ganin likita ta intanet. Idonsa ya fara rauni, don haka Sama'ila ke karanto tambayoyin da ƙarfi, shi yana amsawa, duk shagon yana jin inda ke masa ciwo.

Dab da shi akwai wata siririyar mata, lalle ya fara koɗewa a yatsunta. Ta lulluɓe fuskar kwamfutarta da tsohon mayafi, ta toshe kunnuwa da abin sauraro. Sai ta danna maɓalli, ta saurari abin da kwamfutar ke karanto mata, ta yi tsaki.

"Hajiya, kwamfutar ta lalace ne?" in ji Sama'ila.

"Lafiyarta lau. Shafin wani asibiti nake ginawa. Sabuwar ƙa'ida ta ce sai makaho ya iya cike shi da kunne, shi kaɗai. Tun safe nake laluben wurin sa suna."

"To ki ɗaga mayafin mana."

"Shi wa zai ɗaga masa?"

Malam Lawan yana kallonta. Wataƙila akwai wani dattijo a gidansu. Irin wannan tsakin ba a makaranta ake koyonsa ba.

"Baba, tambaya ta gaba," in ji Sama'ila. "Sau nawa kake fitsari a rana?"

Malam Lawan ya gyara hula, ya juya wajenta.

"'Yata, kamar yaushe za ki gama?"