Biyun da Ba Su Biyo Ba

Tun da idon kakana ya mutu na zama idonsa. Garinmu ƙarami ne, yamma da Tsiga, ana rufe ƙofar ganuwa da magariba saboda mahara, kuma ba mai zuba iri a ƙasa sai kakana ya ce a zuba. Alamarsa taurari huɗu ne da ke fitowa ƙasa-ƙasa a kudu. In sun miƙe tsaye bisa tsamiyar bayan gidanmu daidai kiran isha'i, damina ta zauna. Amma yakan ce sai an ga wasu biyu masu haske suna biye da su ta gabas.

Kullum nakan ja sandarsa zuwa gindin katanga.

"Amarya, me kika gano mana?"

"Wace amarya? Na fasa auren tsoho marar haƙori."

"To duba min dai, mai bakin tsiya."

Bara zafi ya yi tsanani. Sai ga ruwa ya sauka sau ɗaya, mai yawa, ƙasa ta yi ƙamshi. Da yamma maza suka cika zaurenmu, kowa da sungumi. Na ɗaga kai, na ga huɗu tsaye bisa tsamiya. Sun fi yadda na san su faɗi, haskensu kuma dishi-dishi.

"Sun miƙe, Kaka."

Ya ce, "Da wuri haka? Biyun na biye?"

Ban ga biyun ba. Amma ina jin tarin mazan daga zaure, ga babana ya riga ya sauke dammunan iri daga rumbu. Na ce a raina ko gajimare ne ya rufe su. Na ce, "Suna biye."

Aka shuka gero da dawa, gari duka. Tsiro ya fito kore shar, sama ta ɗauke. Muna kallo ya ƙone. Sai bayan wata ɗaya da rabi na ga na gaskiyar sun miƙe, ƙanana, a matse, biyun na walƙiya a bayansu. Ashe kudu na da huɗu iri biyu, na farkon ba su da mabiya.

Aka sake shuka da hatsin ci. Har masu gaishe da kakana da durƙuso suka koma cewa tsufa ya cinye kan Malam. Bai taɓa cewa ni ce ba. Ni ma ban ce ba. Ya riƙa tura wa ƙannena akushinsa, wai cikinsa ba daɗi. Gero bai nuna ba muka binne Kaka.

Da tawadarsa nake rubuta wannan. Tun da zafi ya kama bana, duk isha'i in na bi ta gindin katangar nan sai in ji tambayarsa a bayan kunnena, a hankali, ba faɗa. Na daina bi ta wajen. Ina ji daga ɗaki.

Shekaranjiya aka yi ruwa. Mazan suka dawo zaure, wai ni na gaji idon. Na fita na duba. Huɗun na tsaye, biyun na biye, na ƙirga sau bakwai. Babana ya leƙo ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Baba, kafin in faɗa, bara ba Kaka ne ya yi kuskure ba."

Har yau ba wanda ya yi min magana, sun dai shuka.