Kwashe Tarkacenka

Mutane da yawa suna ɗaukar cewa duk abin da dattijo ya yi da hannunsa ba don neman abinci ba wasa ne, kuma wasa bai dace da mai furfura ba. Wannan hukunci yana da rauni, domin ya ginu ne a kan zaton cewa amfanin abu yana bayyana tun ranar da aka fara shi. Rayuwar Mai Agogo ta isa hujja.

Tun yana saurayi yake zaune a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti, gilashin ƙara girma maƙale a idonsa na dama. Da teburin gyaran agogon da ke shagon ya yi aure, da shi ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sa'an nan duniya ta daina ɗaura agogo. Kowa ya koma duba lokaci a waya, masu leƙo shagon suka zama masu neman a canja musu batir kawai. Bai yi ƙorafi ba, amma hannunsa ya shiga kewa.

Autarsa, wadda take aiki a wani gari, ita ta kawo masa wata 'yar kwamfuta. Ba ta fi tafin hannunsa ba: ƙaramin allo, madannai kamar haƙoran jariri, da jerin ƙananan ƙusoshi a gefe inda ake haɗa wayoyi. Abu na farko da ya yi shi ne ya kifa ta, ya ɗauko sukundireba.

"Baba! Ko kunna ta ba ka yi ba!"

"Wayarki an liƙe ta da gam kamar masu ɓoye laifi," in ji shi. "Wannan kuwa an bar mini ƙofa. Bari mu gaisa da na ciki tukuna."

Ya kamata a fahimci abin da ya ja shi gare ta, don kada a ɗauka son sabon abu ne. Na farko, tana buɗuwa, kuma mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe bayan agogo ba ya yarda da abin da aka hana shi gani. Na biyu, tana yafe kuskure: idan ya rubuta mata umarni ba daidai ba, sai ya goge ya sake, alhali gashin agogo, siririyar wayar nan ta cikinsa, idan ya lanƙwashe ya tafi ke nan. Sa'an nan tana shiga aljihun riga, ya tafi da ita shago, ya dawo da ita gida. A hankali ya koyi yarenta. Ya sa ta yi ƙara idan tankin ruwa ya cika. Ya sa ta kunna fitilar ƙofa idan rana ta faɗi. Wasu abubuwan sun yi aiki, wasu sun ƙone da wari.

Duk wannan a kan teburin cin abinci ake yin sa, kuma teburin cin abinci yana da mai shi. Matarsa, wadda kowa yake kira Malama saboda ta daɗe tana koyarwa a firamare, mace ce mai tsabta da kaifin harshe. Kullum za ta fito da kwanuka ta tarar da wayoyi da dalma da notuna sun cinye rabin teburin.

"Sarkin Tarkace, a kan waya za mu ci ko a kan dalma? Kwashe tarkacenka!"

"Yanzu-yanzu, Malama. Saura waya ɗaya."

"Wayar nan ɗaya ta girmi Auta."

Bai taɓa kwashewa a karon farko ba. Ita ma ba ta taɓa taɓa masa ko noti ba.

Wata safiya tana shanya, ta faɗi. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Tana ji, tana fahimta, tana gane rubutu, amma kalma ba ta fitowa sai wani sauti da ita kanta take jin kunyarsa. Ta fara juya fuska ga bango. Abinci sai an yi ta lallashi, motsa hannun da likita ya umarta kuwa ta ƙi shi gaba ɗaya. Mai Agogo ya ga matarsa tana tafiya tana barinsa alhali tana kwance a gabansa, ya kuma san cewa idan ba a buɗe mata wata ƙofa ba, shirun zai gama abin da ciwon ya fara.

Sai ya koma teburin cin abincin. Ya samo akwatin katako, ya dasa manyan madannai a kansa, ya haɗa su da 'yar kwamfutar da ƙaramar lasifika. Ya naɗi muryarsa yana faɗin kalmomi, ya rubuta kowace a ƙarƙashin madanninta: ruwa, magani, zafi, sanyi, bayi, na gode. Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. Ya ɗora mata a cinya yana murmushi.

Malama ta karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ta danna na ƙarshe da hannun hagu. Muryar mijinta ta fito, mai kauri da ladabi: "Na gode." Ta dube shi, ta ture akwatin har ya kusa faɗuwa, ta juya ga bango.

A nan ya yi kuskuren da sana'arsa ta koya masa. Mai gyaran agogo idan abu ya ƙi tafiya, cikin injin yake neman laifi. Ya ce madannan sun yi tauri, ya sassauta su. Ta ƙi. Ya ce rubutun ya yi ƙanana, ya sake shi da manyan baƙaƙe. Ta ƙi. Ya canja lasifika, ya goge gefen akwatin don kada ya karce ta. Duk gyaran da ya yi daidai ne, kuma babu ɗaya da ya taɓa inda matsalar take.

Da Auta ta zo duba mahaifiyarta, ya nuna mata akwatin a falo, ya zayyana mata abin da ya gwada. Ta danna madannan duka, ta kai na ƙarshe, sai dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye.

"Baba, ka ji abin da ka yi? Ka sa Mama ta gode maka da bakinka."

"To ai ladabi ne."

"Ladabin wa? Duba: ruwa, magani, bayi. Duk roƙo ne. Yaushe ka taɓa jin Mama tana roƙo? Matar da take tsayar da aji guda da kallo ɗaya, ka mayar da ita mai cewa a taimaka."

Ya dubi akwatin. Mutum ne mai karɓar hujja idan ta tsaya da ƙafarta, ko daga bakin wa ta fito. Can ya ce, "Muryarta fa? Ina zan samo ta?"

Auta ta juya wayarta a hannu. "Akwai saƙonnin murya da take turo mini tun da na bar gida. Ban goge ko ɗaya ba. Amma Baba, yawancinsu ƙararka take kawowa."

"Turo su."

"Wallahi wasu ba daɗi."

"Na ce turo su. Ni na aure ta, ba labari za ki ba ni ba."

Haka ya zauna a shago da abin saurare a kunne, yana bin saƙonnin a kan 'yar kwamfutar, yana yanko kalmomi kamar yadda yake ciro ƙaramin haƙori daga cikin agogo. Ya samo "ruwa" daga inda take cewa tankinsa mai ihu ya hana maƙwabta sakat. Ya samo "a'a" iri-iri, har ya rasa wadda zai zaɓa. Ya ji an kira shi mai taurin kai, an ce ya ƙona mata mayafin tebur mai kyau. Ya kuma ji, a ƙarshen wani dogon ƙorafi, ta sassauta murya ta ce, "Ki bar shi dai, tun da kika kawo masa abin nan ya dawo mutum." Wannan bai yanke shi ba, bai kuma gaya wa kowa ba. Mai walda ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, dariya kake ko kuka?" Ya ce dalma ce ta shiga idonsa.

A wani saƙon tana ba Auta labarin yadda suka yi, har ta kwaikwayi kanta da cikakkiyar murya. Ya yanko wannan jimla ɗungurungum. Ya cire "na gode" daga akwatin, ya sa ta a gurbinsa.

Da rana ya turo kekenta zuwa teburin cin abinci, wanda ba a share ba tun ranar da ta faɗi. Ya ɗora mata akwatin. Ta karanta. Idonta ya tsaya a kan madanni na ƙarshe, ta dubi teburin, ta dube shi. Ta danna.

"Kwashe tarkacenka!"

Muryar ta cika falon, da kaifinta da komai. Auta ta toshe baki a ƙofar kicin.

"Yanzu-yanzu, Malama," in ji Mai Agogo. "Saura waya ɗaya."

Ta sake dannawa. Ta kuma dannawa. Rabin bakinta da yake motsi ya ɗaga, wani sauti ya fito wanda ba ta ji kunyarsa ba. Ya kwashe komai, aka kawo abinci, ta ci da hannun hagu ba tare da lallashi ba. Da ya miƙo mata ƙarin da ba ta so, ta danna "a'a", ya ce ai ya san wannan a'ar tun tana amarya.

Magana ba ta dawo mata duka ba, kuma ba daidai ba ne a ce na'ura ce ta warkar da ita. Abin da za a iya faɗa bisa gaskiya shi ne ta koma motsa hannu, ta koma mulkin gidanta, akwatin kuma ya ƙaru da madannai, yawancinsu umarni. Mai Agogo yana gode wa Allah, yana gode wa Auta, yana gode wa mutanen da bai sani ba da suka ƙera abu suka bar masa notuna a bayansa. Kowace safiya kafin ya fita shago, yakan ajiye sukundireba da ɗan guntun waya a tsakiyar teburin, daidai inda za ta gani.