Tarwaɗar Tabkin Kawu

Shekarun baya, da za ka tambaye ni wa ya fi kowa iya kamun kifi tsakanin Tasawa da Mayahi, ba zan bari ka rufe baki ba zan bugi ƙirji. Na sha gaya wa mutane cewa ni kifi ƙamshina yake ji, in na tsaya bakin ruwa sai su jeru kamar masu jiran mota ranar kasuwa. Na ce na taɓa kama tarwaɗar da sai da aka sauke fasinja biyu kafin ta samu wurin zama a mota. Ɗan kamasho ne ni a tashar Tasawa, bakina nake ci. Mota saura mutum takwas in ce saura ɗaya, kowa ya san ƙarya ce, ya yi dariya ya shiga. Amma tsakanina da Allah, rabona da riƙe fatsa tun ina yawo ba wando.

Wata shekara, an gama yankan hatsi ke nan, kawuna ya aiko in zo. Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne sarkin ruwan ƙauyenmu, can gefen Kanan Bakashe. Muna da tabki a bayan gari. A al'adarmu, tabkin da ke da kifi ba mai taɓa ruwansa sai da yardar sarkin ruwa, kuma shi ke buɗe su, wato kamun kifi na gayya, sau ɗaya a shekara, gari duka ya faɗa ruwa da homa da ƙwarya. Haka na taso na gani. To ƴaƴan Kawu sun watse, wani Agadas wani Kano, shi kuma gwiwoyi sun riƙe. Aka daina su, aka daina yanke ciyawa. Kachala, doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo, ta rufe tabkin ruf. In ka tsaya a baki ba ka ganin ruwa, sai dai ka ji kwaɗi na taro a ciki.

Na iske shi zaune gindin bedi, icen dogon yaro. Bayan mun gaisa ya ce, “Za su shanye tabkin, ɗana.”

Masu garka ne suka kai magana wurin maigari. Suna so su kafa motopom, injin jan ruwa, su janye ruwan su ba kabeji da tumatir, su banka wa kachalar wuta, su shuka gurbin. Kuma ba wai ba su da hujja ba. Tsuntsaye na kwana cikin kachalar su tashi su faɗa gonaki, sauron wurin kuwa in ya cije ka sai ka waiga ka ga ko zabo ne. Jagoransu abokina ne, tare muka shiga lakwal, makarantar boko, tare aka koro mu. Maigari ya ce shi ba zai taka dokar kakanni ba. In akwai kifi, tabkin na sarkin ruwa ne, ba mai taɓawa. In babu, kududdufi ne kawai, gari ya yi yadda ya so da shi. A kawo mashi kifi ya gani da idonsa kafin a fara garka.

“Akwai su, Kawu?” na ce.

“Suna nan. Ni dai ban iya shiga. An ce kai kana sauke fasinja saboda tarwaɗa.”

Ashe labarin ya iso har ƙauye. Da na san kawuna zai ji, da na rage mata tsawo. Amma baki ya riga ya saba, sai na ji kaina ina cewa, “Kawu, kwantar da hankalinka. Ka ce a nemo manyan tukwane.”

Washegari na ɗauki tsohon birginsa, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar lema. Na ɗora Kawu a kan amalanke na kai shi bakin tabki ya zauna. Na juya, na karkace, na wurga kamar yadda nake gani a wayar salula. Birgi ya tashi ya sauka bisa kan kachala ya yi zamansa, ko jiƙewa bai yi ba. Na shiga cirowa na nutse cikin laka har ƙugu, takalmina ɗaya na can har yau. Na fito da matsattsaku sun jeru a ƙwaurina kamar an yi mini ado. Kawu bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

Muka koma mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa. Na ja ta gefen ciyawa, da na ɗago kowace ƙugiya ta kamo gansakuka, wata ta kamo tsohon buhu. Kawu ya ce shi duk iliminsa na buɗaɗɗen ruwa ne, lokacinsa ba kachala, wannan tabkin baƙo ne gare shi kamar yadda yake gare ni. Muka zauna mu biyu, tsoho da maƙaryaci, muna kallon ciyawa.

A zaman nan ne muka lura da wani abu. Akwai inda shanu suka tattake suka buɗe ɗan wuri don shan ruwa. Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, sai ka ga ruwan wurin ya motsa, wani baki ya leƙo ya haɗiyi iska ya koma. Na saka fatsa da tana a wurin. Ban daɗe ba na ji an fizge ni. Na yi abin da muke yi muna yara, na sakar wa tarwaɗar zare ta gaji. Ina! Ta nufi saiwar kachala ta nannaɗe zaren, na ja, tas, ya tsinke. Na juyo da guntun zare a hannu. Kawu ya miƙe tsaye ba sanda, abin da ya daɗe bai yi ba.

“Ka gani?” ya ce. “Ka gani ko?”

Daga nan muka fara tunani irin na tarwaɗa. Tana son inuwa, tana son saiwa, amma ƙarƙashin ciyawar ba iska, dole ta nemi kafa ta leƙo. To mu ba ta kafar. Na ɗauki lauje na shiga ciki sosai, inda kachala ta haɗu da ganyen bado, na riƙa yanke ƴan wurare kamar faɗin tabarmar salla. Kawu ya sa masu suna tagogi. Ban share da yawa ba, don in wuri ya buɗe tarwaɗa tsoro take ji. Na zuba dusa da gara a kowace taga, muka bar su suka huta, laka ta kwanta.

Kayan aikin ma muka canza. Na jefar da siririn zare, na samo zaren ɗinkin takalmi mai kauri na riɓa shi biyu. Sandar kuwa gora ce mai tauri wadda ba ta lanƙwasa, zaren gajere, yadda zan sauke shi tsaye cikin taga ba wurgi. Abinci hanjin kaza ne da ya sha rana, mai warin da sai da matar Kawu ta ce ko ni ko shi a gidan. Na cusa ƙugiya cikin hanjin har tsininta ya ɓace, don kada ta kamo ciyawa. In na tsaya, sai in fuskanci rana inuwata ta faɗa baya. Ba motsi, ba magana. Ku da kuka san ni, kun san wannan ne ya fi mini wuya. Sauro na cin kunnena, matsattsaku na cin ƙafata, ni ko ina tsaye kamar turke. Doka ta ƙarshe ita ce babba: da ta kama, ba lallashi. Ka ɗaga kanta sama nan take, ka fizgo ta waje kafin ta tuna da saiwa.

Safiyar da abin ya yi, ta farkon da na fizgo sai da ta mare ni da wutsiya a fuska. Baƙa wuluk, kai kamar faranti, tsawonta daga yatsuna zuwa kafaɗa. Wannan ban ƙara ko ɗan yatsa ba, Allah shaida. Kafin hantsi na cika babbar roba, suna ta mutsu-mutsu. Kawu ya sa hannu yana shafa bayansu kamar mai shafa kan jikoki. Ya ce in tsaya ya sa babbar riga.

Muka isa ƙofar maigari, na dire roba a gaban jama'a. Mutane suka kewaye ta. Na ga maigari ya sunkuyo yana kallo, na ce a raina shi ke nan, tabki ya tsira. Sai abokina ya matso, ya leƙa, ya dube ni yana murmushi.

“Mutumina, ka kyauta. Wace mota ta kawo su daga Tasawa?”

Wuri ya fashe da dariya.

Na ce, “Kai, dubi da rai suke!”

“Yo a Tasawa ba da rai ake saida su cikin jarka ba? Ko waɗanga ma sai da aka sauke fasinja?”

Aka sake kecewa. Har wani dattijo na share hawaye. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na buɗe baki na rantse, sai dariyar ta ƙaru, don irin rantsuwar da nake yi a tasha ce, kalma ɗaya ba ta canza ba. Na ɗage wando na nuna cizon matsattsaku, wani ya ce kai wannan mutum ya iya shiri. Na ce, “Ranka ya daɗe, a haɗa ni da mutum biyu gobe da safe su gani da idonsu.”

Kawu ya yunƙura ya ce shi yana wurin, a gabansa aka kama. Maigari ya ce, “Sarkin ruwa, ɗan ƙanwarka ne, mi za ka ce in ba haka ba? Ka huta, tsufa ya zo.” Ni kuma ya ce mini to, za a duba, Allah ya kai mu goben. Ya sa aka shigar da robar cikin gidansa.

Gobe ta yi, na je bakin tabki ina jiran mutum biyu. Na iske motopom an jera, an riga an zura tiyo ta tagogin da na yanke da hannuna, don nan ne ruwa ya fi sauƙin kamawa.

Ba su shanye shi rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa ja da baya. Na koma tasha, na kasa zama, na dawo. Ranar da ruwa ya ƙare aka sa wa kachala wuta, sai ga laka na motsi ko'ina. Jama'a, ni mai ƙari ne, amma ranar nan bakina ya yi kaɗan. Tarwaɗa, ƙarfasa, manya da ƙanana, har da ƴan mitsi-mitsin da ko kyanwa ba za ta tsaya kansu ba. Mutanen da suka yi mini dariya su ne suka faɗa laka da buhuna da kwanoni, ana ture juna, ana zagi. Aka soya, aka banda, aka kai ƙauyukan maƙwabta, duk da haka sai da ya rage ya ruɓe. Shirwa ta rufe sama. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya ce ashe.

Kawu bai fito ba. Na shiga na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya.

“Da yawa?” ya ce.

“Kaɗan ne, Kawu. Ba wani abin kirki.”

“Ƙarya kake. Warin ya iso nan.”

Tunda nake, ranar ce kaɗai na rage magana maimakon in ƙara, ita ma ba a yarda ba. Bai sake zuwa bayan gari ba har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba a naɗa wani sarkin ruwa ba, don ba ruwan da za a yi wa sarauta. Yanzu damina na cika gurbin, kafin tsakiyar rani ya bushe. Kachala ta dawo, tsuntsaye sun dawo, sauro ya dawo da ƴaƴansa da jikokinsa. Kifi ne kawai bai dawo ba.

Har yau ina tasha, ina ba mutane dariya, ban iya wata sana'a ba. Amma labarin kifi na daina. Na daɗe ina juya abin a raina. Ban ce duk garin sun ɗauka sayo su na yi ba. Cikinsu akwai waɗanda suka girma suna su a tabkin nan, sun san baƙar tarwaɗar laka in sun gan ta. Sun riga sun gama shawara ne, suna neman inda za su rataya ta, sai ga ni na zo da bakina. Da wani mai shiru-shiru ne ya dire robar nan, da sai sun nemi wata dabara, ko aƙalla su ji kunya. Da yake ni ne, dariya ta ishe su. Wannan ne ke ci mini rai in na tuna Kawu cikin babbar rigarsa.

Bara abokin nan nawa ya zo tasha zai shiga motar Maradi, ya yi ƙiba, ya yi furfura. Muka gaisa kamar ba komai. Na ɗaukar mashi jaka, na samo mashi gaba kusa da direba. Har zan rufe ƙofa, abin ya taso mini, na riƙe ta.

Na ce, “Don girman Allah, gaya mini gaskiya. Ranar nan ka san daga tabkin na kamo su ko?”

Ya dube ni kamar mai ƙoƙarin tuna wace rana nake nufi. Ya gyara hula, ya ja ƙofar daga hannuna.

“Yo kai ma da naka,” ya ce. “Ai da sai ka ce mana ba wasa kake ba.”