Jinin Ƙanwata a Gaban Mota

Ko na tsufa na rikice, ba zan manta da abin da kawuna ya yi mana a wata bazara ba, can a shekarun casa'in, muna Madarumfa. Har yau in na tuna sai wuyana ya ɗau zafi.

Ƙanwata ce ba ta rabuwa da maruru da ciwon kunne. Lokotoron garinmu, wato likita, ya ce wata mai awon jini ta zo Maraɗi daga Yamai, amma ba za ta daɗe ba. Ya bayyana mana cewa sojojin da ke cikin jini suna da wasu 'yan ƙugiyoyi a jikinsu, da su suke cafke ƙwayar cuta. Yana zargin na yarinyar sun yi kaɗan, don haka a ɗebi jininta a kai wa matar.

"Amma ku ji," in ji shi, "zafi na canza yawan ƙugiyoyin nan. In kwalbar jinin ta ɗumama, awon banza ne. Kar ta bar ƙanƙara."

Da ƙyar aka samu jijiya. Ƙanwata na kuka, inna na danne ta. Muka sa kwalbar cikin akwatin ƙanƙara, muka ba kawu ya kai Maraɗi, tunda direba ne. Na yi masa bayani kar kwalbar ta bar ƙanƙara.

"Haba ɗiyata, sai ka ce ƙwai?" ya ce mini yana dariya. "Kafin azahar ta isa Maraɗi."

Ashe garin Ɗan Issa ya fara nufa, wai ya samu lodi. Wani fasinja ne ya ba ni labari daga baya: da rana ta take, kawu ya fidda kwalbar ya aje a gaban mota, ya cusa gorar ruwansa a akwatin.

Sai la'asar jinin ya isa. Matar ta taɓa kwalbar ta ce ba za ta auna ba, a sake ɗibo wani. Kafin ƙanwata ta yi ƙarfin da za a kuma huda ta, matar ta koma Yamai.

Na tare kawu a ƙofar gida. "Kawu, ruwan sanyi ya fi ɗiyar 'yar'uwarka?"

"Jini ai jini ne," ya ce. Ko a jikinsa.

Inna ta ja ni ciki, wai ba a yi wa babba haka. Ƙanwata ta rayu, amma kunnenta na hagu ya mutu.

Tun ranar na gane cewa amanar marar lafiya ba a ba wanda ya yi dariya lokacin da ake yi masa bayani, ko da kawunka ne.