Tumbin da Na Mayar don Bakin Mutane

Lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne, na haura arba'in, ɗan Damagaram da karatu ya kawo Faransa, aiki kuma ya riƙe shi. Ina aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha a Lyon, iyalina kuwa suna Stains, arewa da Paris, kusa da kawuna, Alhajin da ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan. Ran Juma'a in hau jirgin ƙasa in tafi gida, ran Lahadi in koma. Kuma ina da tumbi, irin wanda in na shiga taro sai a matsa a ba ni wuri ana cewa patoro, wato babban maigida, ya iso. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan. Ban rubuto muku don a tausaya mini ba. Na rubuto ne don har yau raina bai huce ba.

Ƙishirwa ce ta kai ni asibiti, sai likita ta ce ciwon sukari ne. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce magani shi kaɗai ba zai isa ba, sai na motsa jiki na rage nauyi, in ba haka ba ciwon zai bi idona ko ƙodata ko ƙafata. Wani dattijon Bafaranshe da muke aiki tare ya ji labari, ya ce zai ara mini kekensa na tsere, mu tafi yankinsu na Auvergne, yamma da Lyon. Na yi dariya, don rabona da keke tun ina ɗan lekol, wato ɗan makarantar boko, kuma a wurinmu babban mutum ba ya hawan keke sai in abin hannunsa ya ƙare. Amma tsoron maganar likita ya sa na bi shi.

Ƙasa ce ta tsofaffin duwatsun da suka taɓa aman wuta, yanzu duk ciyawa ta rufe su, wasu ma tafki ne a tsakiyar kansu. Gidajen ƙauyukan da baƙin dutse aka gina su. Hanyoyin ƙanana ne, shiru, sai ka daɗe kana tafiya ba ka gamu da mota ba, ba ka jin komai sai ƙararrawar wuyan shanu da numfashinka. A hawan farko na sauka na tura keken, ina haki ina tsine wa kaina. Dattijon ya jira ni a sama yana cin cukunsa. Amma da muka gangaro, iska tana dukan fuskata, sai na ji ina ihu kamar yaro. Daga nan na kamu. Mako guda in je Stains, mako guda in je duwatsu. In azahar ta yi in jingine keken, in yi salla kan ciyawa, in ci gaba. Kafin shekara ta zagayo tumbin ya tafi, likita ta rage mini magani, kuma ina hawa benen gidanmu ba tare da na tsaya a tsakiya ba.

A wani bukin suna a Montreuil na fara ganin abin da ban gane ba. Maza sun kewaye tire ana cin shinkafa, ni sai aka kawo mini nawa faranti daban da cokali. Na ɗauka girmamawa ce. Da aka zo shayi, kofin da na sha da shi aka ajiye gefe, ba a mayar da shi cikin sauran ba. A jirgin metiro muna komawa gida matata ta fashe da kuka. Ta ce an daɗe ana maganata. Wai ina da wata mace a Lyon, shi ya sa ba na zuwa kowane mako, wai kuma ramar nan sida ce, wato ƙanjamau. Wata maƙwabciya ta daina turo ɗiyarta kitso gidanmu, wata kuma ta ja ta gefe tana ba ta shawara ta je a auna jininta. Ta ce ta gaya musu gaskiya, cewa keke nake hawa saboda sukari, sai suka yi dariya, suka ce ta nemo ƙaryar da ta fi wannan, don ba mai albashin da zai hau dutse da keke ba korarsa aka yi ba.

Bayan kwana biyu kawu ya aiko in zo. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shiga magana. Ya ce shi bai yarda da abin da ake faɗa ba, amma a idon mutanenmu ramar babba ma'ana biyu gare ta, ko ciwo ko talauci, kuma duk wadda aka zaɓa zuri'a ce ke jin kunya. Na ce masa, cikin ladabi, zan iya kawo sakamakon gwaji ya gani. Ya ce wa zai bi gida-gida da takarda, ai jiki mutane ke dubawa. Ya ce sukari kowa ma yana da shi, in bar wannan wasan yara, in ci abinci in mayar da jikina, bakin mutane zai mutu da kansa. Na dubi mutumin da ya ciyar da ni ina ɗalibi, na tuna kukan matata, na ce to.

Na mayar wa dattijon kekensa. Na zauna na ci. Shinkafa, burodi, lemun kwalba a kowane taro, don a ga ina sha. Tumbi ya dawo har ya fi na da. Aka mayar da ni cikin tire, ana dafa kafaɗata ana cewa na murmure, Allah ya ƙara sauƙi. Kun ji fa, a lokacin da ciwo ke cin jikina, a lokacin suke yi mini barka da samun lafiya. Na daina zuwa wurin likita don ba ni da bakin yi mata bayani. Tafin ƙafata ya fara mutuwa, ba na jin sanyi ba na jin zafi, na ce gajiya ce. Da sallar layya na sa sabon takalmi, ya goge mini yatsa, ban ji ba. Sai da matata ta ji wari ta cire mini safa da ƙarfin tsiya muka ga abin da ke ciki. A asibiti suka yanke babban yatsan ƙafata ta dama da na kusa da shi. Likitata ta zo duba ni, ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni kawai ina keken. Wannan tambayar ta fi mini yankan ciwo.

'Yan dubiya suka cika ɗakin, da kulolin shinkafa da katan ɗin lemu. Kowa yana cewa ƙaddara ce. Har wani ya ce a gode wa Allah tunda dai ba wancan ciwon ba ne. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce musu na yarda da ƙaddara, amma yatsun nan ni da su muka taru muka yanke su. Na ce ko da ma sidar ce gare ni, ware wa marar lafiya kofi ba tsoron Allah ba ne, jahilci ne da rashin tausayi. Na juya wurin kawu na ce masa ina girmama shi har in mutu, amma daga yau maganar jikina tsakanina da likita ce. Matata ta tashi ta ɗauki katan ɗin lemun ta ajiye musu a bakin ƙofa.

Da ciwon ya warke na sayi kekena, aka yi mini takalmi na musamman, na koma duwatsu. Ƙafar dama ba ta da ƙarfin da, hawan da nake yi a zaune yanzu sai na miƙe tsaye, kuma matasa suna wuce ni suna yi mini sannu. Su wuce. Na sake ramewa, kuma na ji an sake fara magana. Wannan karon matata da kanta ta ɗauki hotona a saman dutse, da hular kwano da zufa, ta tura wa matan unguwa a waya, ta ce duk mai tambaya ta zo ta same ta.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu suna da kirki, za su yi maka dubiya, za su yi maka zaman makoki, amma ba su san ciwonka ba, kuma ba su za su ɗauke shi ba. Ina kira ga duk wanda likita ya ce ya rage jiki, namiji ko mace, a Paris yake ko a Maraɗi, ya rage, ko da duk dangi za su ce ya lalace. Ku kuma masu ganin mutum ya rame ku yanke masa hukunci, ku ji tsoron Allah ku riƙe bakinku. Ni dai kowace safiya in na zauna bakin gado zan sa safa, ina ganin gurbin da aka bar mini a ƙafa, kuma cikin duk waɗanda na yi abin don su, ba ko ɗaya a ɗakin.