Ranar da Na Yi wa Mahaifiyata Wanka

Ina ƙarama mahaifiyata ta kai ni gidan gwaggona a Nima, ta ce za ta je Kumasi saro kaya ta dawo. Ba ta dawo ba. Daga baya muka ji ta yi aure a Abijan. A hannun gwaggo na tashi, ita ta koya mini ɗinki, ita ta aurar da ni. Idan aka ambaci mahaifiyata sai in tashi in bar wurin.

Mu Kiristoci ne, kakanninmu daga arewacin Gana suka zo, amma Hausa muke yi kamar kowa a Zango. Majami'armu wani ajin makaranta ne a Maamobi da ake ba mu aro ran Lahadi. Ina cikin mawaƙan zumuntar mata, kowa na ganin hankalina kwance yake.

'Ya'yana sun fara girma, wata rana da rana tsaka kawuna ya sauko daga trotro, motar haya, riƙe da wata tsohuwa mai jan ƙafa. Ya ce, "Ga uwarki. Ɓarin jikinta ya shanye, mijin ya rasu, ba ta da kowa sai ke."

Na ba ta ɗaki. Ina dama mata koko, ina sayo magani, amma ban yarda hannuna ya taɓa jikinta ba. Maƙwabciyata, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ita ke yi mata wanka kullum bayan ta idar da sallar asuba, ba ta kuwa taɓa tambayata dalili ba.

Barci ya ƙaurace mini, waƙa ta daina fita daga bakina. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, shugabar zumuntarmu, tsohuwa mai ƙarancin magana, ta riƙe mini zane.

"'Yata, muryarki ina ta tafi?"

"Mura ce, Mama."

"Wannan ba mura ba ce. Zauna."

Na zauna a kan bencin 'yan makaranta na gaya mata komai. Na zaci za ta ce in yafe, kamar yadda kowa ke cewa. Sai ta tambaye ni, "Kin taɓa gaya wa Ubangiji abin da kika gaya mini?"

Na ce, "Ai ya sani."

"Ya sani, amma ke ba ki kai masa ba. Ciwon da aka rufe ba a wanke ba ruɓewa yake yi. Durƙusa ki faɗa masa yadda yake, kada ki yi masa ado."

Muka durƙusa a kan siminti. Can sai maganar ta ɓalle. Na faɗi yadda nake tsayawa a bakin kwata, gefen titi, ina leƙen duk motar da ta tsaya. Na faɗi ranar aurena, da ranar haihuwata ta fari da na yi ta kiran uwa ba uwa. Har na tambayi Ubangiji inda yake a lokacin. Tsohuwar ta ɗora hannu a kaina tana cewa, "Yesu, ka wanke ta. Abin da ba za ta iya ɗauka ba, ka karɓa." Na yi kuka har muryata ta dashe. Ban tashi da ƙaunar mahaifiyata ba, amma na ji ƙirjina ya yi sauƙi, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Ba a daɗe ba Hajiya ta tafi biki Tamale. Da safe na tsaya a ƙofar ɗakin riƙe da bokitin ruwan ɗumi, na ce a zuciyata, "Ubangiji, ni dai ba zan iya ba, sai ka kama hannuna." Na shiga.

Na kwance mata zane. Ashe ta rame haka, duk ƙasusuwan bayanta a waje. Na sa soso da sabulu na fara daga wuya. Ta sunkuyar da kai, hawaye na bin ɓarin fuskar da ya karkace. Ciwon ya riƙe mata harshe, ta yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu, bai fita ba.

Na ce, "Bari, Mma. Ɗaga hannun in wanke."

Rabon bakina da wannan kira tun ina yarinya.

Har ta rasu ban san abin da ya hana ta dawowa ba. Akwai safiyar da tsohon ɗacin yakan taso, sai in ajiye bokitin in yi addu'a kafin in shiga. Da damina ta rasu, kaina a kusa da nata, ina yi mata waƙar sujada a hankali. Maƙwabtanmu Musulmi suka cika tsakar gida da gaisuwa, matan zumunta suka dafa shinkafa, aka zauna tare har ruwan sama ya ɗauke.